Tsamiyoyin da na shanya a rana

Shekarun baya, ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci ba, babban ɗana ya dawo Sandamu hutu daga makarantar gandun daji, da 'yan dashen tsamiya guda shida a baƙar leda. Uku ya jera a tsakar gida. Uku ya kai ɗakin da nake ajiye hatsi, ya toshe taga da buhuna.

Na ce, "Laifin me suka yi aka kai su kurkuku?"

Ya yi dariya. "Inna, kin san tsamiya na rufe ganye da magariba, ta buɗe da safe. So nake in nuna ba rana ke gaya mata ba, agogon a jikinta yake, gadonsa ta yi. Har itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura an ce suna da shi. Kwana bakwai kada su ga haske. Da wannan aikin zan fita makaranta."

Na ce to. Amma ni da karatuna bai wuce yaƙi da jahilci ba, sai na ga na fi shi sanin hakki. Abu mai rai a hana shi rana? Kullum in ya tafi Azahar sai in fito da su bayan ɗaki su sha hantsin da suka rasa, kafin ya baro majalisa na mayar.

Rana ta shida ya fito da littafinsa yana murna. "Inna, ba su kuskure lokaci ba ko sau ɗaya! Sai ka ce ladan."

Tuwo nake tuƙawa, muciyar ta tsaya. Na gaya masa.

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi rubutunsa ya ce, "Ba komai, Inna." Hutu saura kwana biyu. Na ce ya kai sakamakon makaranta haka nan mana, wa zai sani? Ya ce shi ya sani. Sai da ya ƙara zango guda, abokansa suka fita suka bar shi.

Ya yafe tun ranar. Yanzu yana aikinsa, yana da iyali. Sai dai bai ƙara kawo karatunsa gida ba, in na tambaya sai ya ce, "Lafiya lau, Inna."

Ɗaya cikin ukun da na shanya ta rayu, a inuwarta nake tsinar wake. In na ga ta fara haɗe ganye sai in tashi in yi alwala. Ya yi gaskiya, ba ta taɓa makara ba.