Gamsheƙar Rumbunmu

A shekarun da aka kawo Shari'a, lokacin da hatsi ya yi tsada har muka koma tuwo sau ɗaya a rana, wasu baƙi suka sauka a kangon bayan gidanmu a Getso. Mutum ne da matarsa da kwanduna masu murfi. Gardawa ne, irin masu wasa da maciji a kasuwa. An hana kiɗa da taron kallo, shi ya sa suka zauna wuri guda, abin da ba su saba ba.

Ba wanda ya san asalinsu. Wasu su ce daga arewa suka gangaro, wasu su ce kakanninsu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Matar takan zo ɗiban ruwa rijiyarmu, ni kuwa ba na iya ganin mutum ban ja shi da hira ba.

Na ce, "Yaya, wai ina ne garinku?"

Ta ce, "Inda aka sauke kwando."

Na yi dariya, amma tana fita na ɗauraye gugan. Haka kowa yake musu. A gaisa, a ba su tuwo, amma a kwanon da aka ware.

Mijin ya koma kamun maciji a gidaje, a sallame shi da kwanon dawa. Sai macizai suka yi yawa a unguwa. Kuma in ya kama ba ya kashewa, kwando yake sakawa. Surukata ta ce, "Ke, maciji ɗaya ne yake zaga gari kamar mai tallan koko."

Wata safiya na leƙa rumbu zan ɗebo dawa, sai na ji huci. Gamsheƙa ce ta fasa kai. Ban gama ihu ba mutumin yana ƙofar gida, har da kwandonsa. Maigidana ya shigo da shi. Mutumin yana zura hannu a rumbun na ji ya ce a hankali, "Haba, ya isa, fito mana," kamar mai lallashin 'yarsa. Na gaya wa surukata, kafin azahar magana ta kai ga mai unguwa.

A zaurenmu aka zauna, ina jin su ta bayan ƙofa.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ba mu ce kai ka sako ta ba. Kashe ta a gabanmu, ka ci gaba da zamanka. In ba haka ba, ka nemi wani garin."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gidanmu ba a kashewa. Wanda ya kashe, maganin da aka ba shi tun yana jariri ya karye. Saran farko ne zai kai shi."

Maigidana ya ce, "To miƙo, mu kashe maka."

"Abin da ya shiga kwandona amana ne, Alhaji."

Wani ya ce, "Amana ko jari?" Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Washegari matar ta shigo sallama, da ƙullin kayanta a ka. Na ba ta daddawa da kuka, na kasa haƙuri.

"Tsakaninki da Allah, gamsheƙar nan taku ce?"

Ta ce, "Namu na wasa duk an cire musu haƙori. Akwai wanda ya duba bakinta?"

Babu. Na leƙa waje, mijin har ya kama hanyar Kabo, kwandunan ɗaure a bayan keke, murfinsu a rufe.