Bakwai Na Raba Ta

Ɗalibai sun laƙaba wa babanmu suna Saura-Nawa, domin shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da lissafi, kuma kowace amsa ka ba shi sai ya tambaye ka saura nawa. Bai iya ganin lamba ya ƙyale ta ba. Ta mota, ta mitar wuta, ta kwalin magani, sai ya binciki asalinta kamar mai nema wa ɗansa aure: cika ce ko mara, wa ke raba ta, wa ba ya raba ta. Waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu yake kira masu taurin kai, kuma su ya fi so. Mama takan ce hali ne ya zo ɗaya.

Ranar da na sayi waya, ya tasa doguwar lambata a gaba, ya cinye rabin littafin rubutu a kanta.

"Auta, kin yi sa'a," ya ce. "Mara ce. Bakwai na raba ta, sha uku na raba ta, abin da ya rage mai taurin kai ne irinki."

Bayan rasuwar Mama mantuwa ta kama shi. Ya fara da mabuɗi, ya koma sunayen jikoki, har ya kai ga tsayawa a bakin layinmu yana tambayar hanyar gidansa. Na rubuta lambata a takarda na sa masa a aljihu. Ya ciro ya yayyaga.

"Satar amsa kike so in yi da furfurata? Lambar da na sani ciki da bai?"

Sau huɗu ina sawa yana yagawa. Na yi fushi na bar shi, kuma wannan fushin har yau ban yafe wa kaina ba.

Wata Talata da hantsi ya fita sayen alli, shi da ya shekara goma rabonsa da aji. Kwana tara muna nema. A wani asibiti can ƙarshen gari muka samu labarinsa: mota ta buge shi, ya kwana huɗu a gado ba wanda ya san ko shi wane ne, sannan ya cika.

Nas ɗin da ta kula da shi ta miƙo mini katinsa.

"'Yar'uwa, mun yi ta roƙonsa lambar wani nasa. Kullum sai ya ce ya sani, mu ba shi minti ɗaya. Ga abin da yake ta faɗa, na rubuta ko zai yi amfani."

A bayan katin an rubuta: mara ce, bakwai na raba ta, sha uku na raba ta.

Nan a tsaye na ciro wayar da ya kasa kira, na danna lambata, na raba da bakwai, na raba da sha uku. Babu saura. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.