Ƙungiyar Shugaba Ba Ta Faɗuwa

Gumi bai ma bushe a jikina ba, takalmin ƙwallo na hannuna, sakataren gasar unguwanninmu ta Jidda ya tare ni wai bana babu hawa babu sauka.

Gasar rukuni biyu ce, kuma su da kansu suka rubuta doka: zakaran rukunin ƙasa ya hau, na ƙarshe a sama ya sauko. Mu leburorin unguwar Madinar Masana'antu Juma'a kaɗai muke hutawa, ita ma a fili muke ƙarar da ita, har muka zo na ɗaya a rukunin ƙasa. Na ƙarshe a sama kuwa 'yan Sharafiyya ne, ƙungiyar Alhaji shugaban gasa.

Na ce, "Malam Sakatare, ina dokar?"

Ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, Alhaji dattijo ne. Kana so ƙungiyarsa ta faɗi yana raye? Halas, shi ke nan, ku yi haƙuri."

Na ce, "Ashe ba maki ake tarawa ba, ta'aziyya ake jira. To Allah ya ƙara wa Alhaji tsawon rai, mu mun yafe."

Jama'a, ku faɗa min: wannan gasa ce ko gadon gidansu?