Sai Na Karanta Za Ta Fito

A unguwar Kudai ta Makka muke zaune a shekarun nan, a saman wani gini da tagarsa ke kallon tashar motocin mahajjata. Mijina ɗalibi ne, yana da iƙama, wato takardar zaman ƙasa, ni ma an saka ni a ƙarƙashinsa. 'Yata ce ba ta da komai. Ubanta mijina ne na fari, Allah ya jiƙansa, kuma da bizar umara na shigo da ita, bizar ta ƙare muka yi shiru. Babu makarantar da za ta karɓe ta. In kuwa aka gano ta, jirgi za a saka ta, kuma ban san hannun wa za ta faɗa a Kano ba. Shekararta bakwai a lokacin.

Don haka ni ce makarantarta. Da safe allo, da hantsi lissafi da ƙwallayen dabino. Akwai kuma darasin da ya fi kowanne muhimmanci: in an buga ƙofa, ta shiga uwar ɗaki, ta kashe mukayyif ɗin da ke sanyaya ɗakin don a zaci ba kowa, ta shige dulab ɗin kaya ta ja murfin. Na ce mata ko ni ce na kira sunanta kada ta fito, don ana iya tsare ni a sa ni kira. Sai in ta ji na fara karanta surar da muke kai a allo. Shekarar nan an tsananta kame, kullum sai ka ji an kwashi mutane a unguwar Jarwal, ko ƙarar takalmi na ji a matakala sai in kasa kunne.

Da rana in mun gaji, akwai shirin da muke kallo a wata tashar waje, da fassarar Larabci a ƙasa. Wani gidan Kiristoci ne a Amurka, 'ya'ya kamar na fara, ba mai zuwa makaranta, uwar ce ke koyar da su a teburin cin abinci. 'Yan matan da dogayen riguna har idon sawu. Kafin su ci sai addu'a, kafin su kwanta sai addu'a. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yatsan uwar. Da ta ɗaga shi sai gidan ya yi tsit, yaran su juyo su yi wani murmushi iri ɗaya, kamar an ɗinka musu. Masu ɗaukar hoton ma sun san abin da suke yi: sai su bar kamara a fuskar babbar yarinyar tana leƙen taga, su sa kiɗa mai sanyi. Ni kuwa bakina bai san shiru ba. Nakan ce wannan ba tarbiyya ba ce, tsoro ne tsagwaronsa.

Wata rana 'yata ta ce, "Umma, su ma ba su da iƙama ne?"

Na yi dariya na ce ta ci abincinta, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ranar da nake son faɗa, bayan azahar ce, cikin zafin nan na Makka da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Muna tsakiyar shirin aka buga ƙofa. Kafin in juya yarinyar ta ɓace, na ji mukayyif ɗin ciki ya mutu. Na tura allo ƙarƙashin kujera, na cusa 'yan silifas ɗinta bayan labule, na buɗe.

Matar mai ginin ce, daga unguwar Aziziyya. Dattijuwa ce mai kirki, muna ce mata Khala, wato inna, kakanninta Hausawa ne da suka biyo ta Sudan, Hausarta rabi da rabi. A saninta mu biyu ne kawai a gidan, ni da mijina. Ɗanta kuma yana aiki da masu duba takardu, kuma ita ba ta iya riƙe magana ba.

"Kef halik, ya binti? Na zo duba famfon maƙwabtanku ne, na ce bari in gaishe ki."

"Sannu da zuwa, Khala. Bismillah, shigo."

To ya zan yi? Babba ta taka ta zo, ba a tsayar da ita a bakin ƙofa, ba a kuma sallamarta ba gahawa. Na dafa, na kawo da dabino, na zuba mata a finjali, ɗan kofin gahawa. Ta zauna daidai kan kujerar da allon yake ƙarƙashi, idonta ya faɗa kan talabijin.

"Ya latif! Waɗannan ne masu kulle awlad a gida? Haram, wallahi. Yaro ba madrasa, ba ƙawaye? Wace irin uwa ce wannan?"

"Allah ya kyauta, Khala," na ce.

Ta miƙo finjali na ƙara mata. Ta sake miƙowa na ƙara. Shirin ya ja ta, ta ce sai ta ga ko za a bar babbar ta fita. Ni kuwa kunnena na uwar ɗaki. Na san dulab ɗin nan, ko kaya na ɗauko daga ciki da rana ɗumi gare su kamar an goge. Na kasa kunne ko zan ji tari, ko motsi, ban ji komai ba, kuma shirun ya fi tarin ba ni tsoro. Sau biyu na buɗe baki in ce, Khala, akwai yarinya a ciki. Sai in tuna ɗanta, in tuna jirgi, in haɗiye. A talabijin uwar nan ta ɗaga yatsa, kamara ta matso fuskarta, sai na ga idonta na kan ƙofa. Duk tsawon shirin ba wanda ya taɓa tambayarta me take tsoro.

Kiran la'asar ne ya tashi Khala. Ina jin takunta ya sauka na ruga ciki. Ɗakin kamar tanda. Na fizge murfin dulab, ga ta a duƙe tsakanin abayoyina, rigarta sharkaf, leɓɓanta sun bushe, hannunta biyu a kan bakinta. Ta yi fitsari a wurin, ba ta ko gyara zama ba.

Na kira sunanta, na ce ta fito, an tafi. Ta kalle ni ba ta motsa ba. Na kama hannunta, ta ƙanƙame ƙarfen rataya.

"Umma," ta ce da raɗa, "ba ki karanta ba."

Na durƙusa a gaban dulab na fara surar da sauri, har na kuskure aya. Sai a lokacin ta saki ƙarfen ta rarrafo. Ta ɗago kai ta yi mini murmushi, kuma na san murmushin nan, kullum da rana ina zaginsa.

"Ban yi motsi ba, Umma. Ko kaɗan."