Ranar da Na Je Maktabar Jami'a Ba Igama

Shekarar da igamata, wato takardar zamana a Makka, ta mutu, yawona bai wuce ɗakinmu a Hindawiyya da shagon mai kayan miya ba. Mutumin da ya tsaya mana a kan takardar zama ya rasu, magadansa ba su sabunta ba. Mu biyu ne a gidan, ni da 'yata ta fari, wadda ba na kama sunanta. A Makka na haife ta, ba ta taɓa taka Kano ba, amma a wata jami'a ta can take karatu ta waya.

Ta kai aikin ƙarshe, a kan yadda zafin rana ke kayar da tsofaffin alhazai. Malaminta ya turo mata sunan wani bincike, ya ce in ba ta karanta shi kafin Alhamis ba, ba zai sa mata hannu ba, sai baɗi. Ranar Asabar ta nema a waya. Sunan ya fito, layi kaɗan suka fito, daga nan sai hoton kwaɗo.

"Halas, shi ke nan, Umma," ta ce. "A kulle yake. Sai wanda jami'arsa ta biya masa."

Ni na san kwaɗo. A ajinmu na yaƙi da jahilci, malama tana kulle littattafai a akwatin ƙarfe, makulli a haɓar zanenta. Tun daga nan na ɗauka karatu sai an je gaban mai makulli.

Muna da tsohuwar maƙwabciya, jikar Hausawa ce amma 'yar ƙasa, tana aiki a maktabar jami'a ta ɓangaren mata. Sun ƙaura unguwar Utaibiyya, lambarta ta ɓace mana. Ranar Talata da safe na ga yarinyar ta ɗauko abaya.

"Ajiye," na ce. "In ni aka kama, gida za a mai da ni, na san ƙofar gidanmu. Ke fa? Ko kwatance ba ki iya da Hausa ba."

Ta yi ta magiya, na hana ta. Na zauna na kwafe sunan binciken a takarda, harafi bayan harafi, Turancin da ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Na zuba funkaso a kwano, don ba a zuwa wurin mutum hannu rabbana.

A cikin tasi, duk motar 'yan sanda da muka gifta sai na sunkuyar da kai ina salati. A ƙofar jami'a wata mai gadi ta miƙo hannu.

"Bataƙa, ya hajja."

Katin shaida take nema. Na ce saƙo na kawo wa wata ma'aikaciyar maktaba, na faɗi sunanta. Ta ce duk da haka. Na buɗe jaka ina lalube, alhali na san abin da ke ciki: matacciyar igama, carbi, da takardata. Ɗalibai suna wucewa ta gefena suna nuna nasu. Mai gadin ta ɗauki waya. Ban san wa za ta kira ba. Na dubi titi, na auna tsakanina da shi, na san gwiwoyina ba za su kai ni ba.

Ta nuna mini benci. Na zauna da kwano a cinya, zafinsa yana ratsa abayata, ina tunanin wa zai gaya wa yarinyar. Har aka kira azahar ina nan.

"Hala! Ke ce?" Maƙwabciyata ce ta fito, Hausarta rabi Larabci; Hala take ce mini, wato inna. Ashe ita aka kira. Ta ce da mai gadin ƙanwar mahaifiyarta ce ni, ta sa hannu a madadina, ta ja ni ciki.

Sanyin wurin ya sa ni rawar ɗari. Ta karɓi takardata, ta yi dariya. "Masha Allah, Hala, rubutunki ya fi na likitoci."

Ta danna kwamfuta, ta danna, sai dariyar ta ɗauke. "Wannan mujallar ba ma karɓar ta. Mu ma a kulle take mana."

Na riƙe gefen tebur.

"Tsaya tukuna." Ta sake rubuta sunan a wani wuri. Ta ce masu bincike da yawa sukan ajiye kwafin aikinsu a rumbun maktabar jami'arsu, a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta. Sai ga shafuka sun zubo, ba kwaɗo.

"Da kati ake shiga nan?" na tambaya.

"Ba kati, ba kalmar sirri. Daga ɗakinku ma zai buɗe." Ta dube ni, ta dubi jakata, ta sassauta murya. "Hala, igamarki lafiya?"

Na kawar da kai.

"La haula. A kan wannan kika fito?"

Ta buga mini shafukan. Na ce ban ƙi ba, amma ta faɗa mini hanyar sannu-sannu in rubuta, kada gobe wani kwaɗon ya sake fito da ni. Ta faɗa, na rubuta a bayan takardata, layi huɗu. Ita ta rako ni har titi, ta tsayar mini da tasi. Funkason kuwa, rabinsa mai gadi ta ajiye wa.

Da na sauka a bakin lungunmu, sai na hango 'yata tsaye a titi, inda masu kame suka fi tsayawa, fuska duk hawaye.

"Wa ya ce ki fito?" na ce. "Wuce ciki."

A ɗaki ban fara ba ta shafukan ba. Na karanta mata layukan nan huɗu, ta bi a wayarta. Binciken ya buɗe. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗago.

"Umma, tun ran Asabar yana nan? Da an tafi da ke fa?"

"Ba a tafi da ni ba," na ce. Na cire abaya na rataye. "Zauna ki karanta. Jibi ne Alhamis."