Yaɓen Baban Yara

Sanyi ya fara ja da baya, itatuwan layinmu a Erdington sun soma toho. Shekara ce mai sauƙi a wurinmu. Yara sun tafi jami'a, gida ya yi shiru, ni da Baban yara muka koma cin abinci a kwano ɗaya kamar farkon aure.

A bayan gida muke ajiye caravan, ɗan ɗakin nan mai taya da mota ke ja. Tsohuwa ce, ta hannu ya saya. A shekarar saboda Yayata muka damu da ita. Yaya tana zaune a wani flat a Whalley Range, can Manchester, kuma ciwon ƙirji ya tsare ta a ɗaki duk lokacin sanyi. GP, wato likitanta, ya ce iskar bakin teku za ta yi mata amfani. Ita ba ta kwana a hotel, ba ta cin girkin da ba ta ga tukunyarsa ba. Sai na yi mata alkawari za mu kai ta a caravan, in dafa mata da hannuna.

Ranar da muka yaye tampol muka buɗe ƙofa, warin danshi ya tare mu. Ƙarƙashin tagar baya bango ya yi baƙi da fumfuna. Na danna da yatsa, ya lotsa kamar biredi.

"Abu mai sauƙi," in ji Baban yara. A gidan ƙasa ya tashi, shi da ƙannensa ke yi wa katangar mahaifinsu yaɓe duk bayan damina. Ya kankare baƙin, ya kwaɓa farin garin liƙe bango, ya shafe da tafin hannu yana 'yar waƙarsa, ya bi da fenti. Wallahi ya yi kyau. Ni kuma na sa turaren wuta har labule ya kama.

Ran Asabar Yaya ta hawo coach, doguwar bas ɗin nan, ta zo gani.

"Wannan turare haka, biki ake ba a gayyace ni ba?" ta ce tana shiga.

Ko shayinta ba ta shanye ba tari ya sarƙe ta. Na riƙo ta muka fito, ta zauna a dakali tana zuƙar maganinta. Da numfashi ya dawo ta dubi Baban yara.

"Malam, bangon katako ka yi wa yaɓe? Katangar Babanku rana ce ke busar da ita. Nan ina ranar take?"

"Haba Yaya, kin kuwa duba santsin aikin nan?"

"Ƙirjina ya duba." Ta juyo gare ni. "Ƙanwata, ki bar shi kawai. Na saba da ɗakina."

Wannan maganar ce ta zauna min a rai. Da muka raka ta na ce, "Baban yara, a buɗe bangon nan." Ya daɗe yana kallon fentinsa, sannan ya ɗauko sukundireba.

Da muka ɓamɓare allon ciki, soson da aka cusa tsakanin bangon ya jiƙe sharkaf, katakon da ke riƙe da taga yana marmashewa a hannu. Robar gefen tagar ce ta tsage, ta nan ruwa ke tsiyaya. Muka bi ruɓar muna yankewa har muka isa katako mai lafiya. Daga nan sai jira. Kullum in kunna hita ta ɗumama ciki, in buɗe tagogi kaɗan, in shafa wurin da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Baban yara ya ƙosa, ni dai in ce masa da saura. Na ji daɗin kwanakin nan. Nakan kai tsintar wake can in zauna cikin ɗumi.

Da ya bushe ƙamas, ya yanko sabon katako ya ɗaure da gam da ƙusa, muka cusa sabon soso, aka canza robar, aka mayar da sabon allo. Ya tsaya a waje yana feshin ruwa da tiyo, ina ciki ina lalube. Ko ɗigo.

Zuwan Yaya na biyu ban sa turare ba. Ta shiga da maganinta a dunƙule cikin hannu. Muka yi azahar, muka ci, tana ba ni labarin maƙwabciyarta 'yar Gana da ba ta gajiya da aiko mata koko. Ina cikin amsa mata na ga ta yi barci, maganin ya zame kan kujera. Baban yara ya leƙo, na ɗaga masa hannu, ya koma a hankali.

Da ta farka ta ce, "Katifar nan ta yi tauri. A ƙaro min bargo ranar tafiya."

Washegari da safe na ɗauki jakata na gangara high street, layin kantuna, na sayo naman dambu da bargo mai kauri.