Sanda Mai Zugazugin Ruwa

A kasuwar Dayi na ji wani mai gishiri yana rantse-rantse wai a ƙauyenmu akwai maƙerin da ya hura wa rijiya iska har ta miƙe tsaye. Wai ruwan ya yi sama kamar giginya, ya tsaya can yana kallon gari, sai da rana ta karkata ya sauko a bayan Malumfashi da kifi a ciki, har wata tsohuwa ta tsinci tarwaɗa a kan rumbunta. Wani falke da ke ɗaure jakinsa ya ce shi tun daga Maska ya ji labarin, amma a can an ce masa rijiyar har yau ba ta dawo ba.

To jama'a, ku kwantar da hankalinku. Rijiya tana nan inda kakanni suka haƙa ta. Kifi kuwa babu ko ɗaya, kwaɗo ne, shi ma bai wuce zanar maƙera ba. Ina wurin aka yi, ni ne ma na yi zugar. Maƙerin kuwa Sanda ne, ɗan kawuna, taubashina, wanda aka halatta mini tsokanarsa tun ranar da aka raɗa masa suna. Ni karatuna a Sabbi ya kwanta bai sake tashi ba, amma ya ishe ni in rubuta tarihin wannan bawan Allah a wannan shekara ta dubu da ɗari biyu da casa'in da 'yan kai, in Liman bai ɓata lissafi ba.

An haifi Sanda a Unguwar Tama, gidan maƙera. A gidan nan sana'a hawa-hawa ce. Ka fara da ɗaukar gawayi, a kai ka zuga, daga nan ka riƙe awartaki, sannan a miƙa maka masaba. Can ƙarshe, in kana da tsawon rai, ka zauna a kan buzun da ke gaban uwar maƙera, wato ƙarfen da ake dukan aiki a kansa, manoma su riƙa durƙusa maka. Wanda bai hau buzun nan ba yaro ne, ko da gemunsa na sharar ƙasa. Sa'o'in Sanda duk sun wuce shi a zuga, domin shi da ya matsa fatar sau biyu sai ya tsaya ya leƙa bakin zugazugi yana tambayar ina iskar ta tafi. Ƙarfe ya huce, manomi ya yi tsaki, shi yana can yana neman iska.

Mai buzun shi ne Maitama, yayan mahaifinsa, wanda ya riƙe shi bayan kawuna, uban Sanda, ya rasu. Da tambaya ta ishi tsohon sai ya tura shi Zariya ya ƙaro sani, don kunnensa ya huta. Sanda ya zauna da maƙeran Zariya, ya bar su ya bi masu haƙar rijiya, ya bar su ya tafi Kano yana leƙa rijiyoyin marina. Shekaru suka ja. Ran nan sai ga shi da rawani kamar kwandon auduga, ya ce daga yau Malam Sanda za a riƙa ce masa. Muka tambayi abin da ya sauke. Ya ce iska da ruwa.

Ya kafa zaman karatu a gindin tsamiya bayan la'asar. Ɗalibansa duk magidanta ne da rani ya hana su aikin yi, ɗaya kurma ne, ni kuma gyaɗar da matarsa Hansai ke soyawa ce take kai ni. Yakan gyara murya ya ce, "Iska da ruwa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ruwa iska ce da ta yi ƙiba. In ka matse musu hanya sai su zura da gudu, in ka buɗe musu sai su yi kasala." Sai ya guntsi ruwa ya feso ta karan dawa mai faɗi, ya sake fesowa ta siriri, don mu ga wanda ya fi nisa. Kullum ni ne a gaba.

Na ce, "Malam, wannan ai ko ɗan akuya ya sani, ka dube shi in yana fitsari."

Ya ce, "Ɗan akuya yana yi, bai san dalili ba."

Na ce, "Kai ka san dalili, amma ya fi ka nisa."

Duk wannan ilmi bai matsar da shi ko taƙi ɗaya ba. Da safe Malam Sanda yakan cire rawani ya rataye, ya zauna a ƙasa yana zuga wa Maitama. Abin da yake so a duniya guda ɗaya ne, buzun nan. Hansai ma tana so, don ta gaji da matan gari na kiranta matar mai zuga. Maitama kuwa kowace bazara sai ya tara mutane ya ce ya tsufa, bana zai sauka. Ruwan farko na zuba, manoma na kawo garemani, sai ƙarfi ya dawo masa. Ya yi wa masu jiran gadonsa jana'iza har ya ƙware.

Akwai kuma Mamuda, ɗan wani ƙanen Maitama, wanda Sanda ya goya yana jariri. Mamuda garma kawai ya iya, ita ma iri ɗaya, amma shi ke ɗaukar wa tsoho buta, kuma yakan fara dariya tun Maitama bai kai ƙarshen labari ba.

Wata bazara idon Maitama ya yi rauni sosai, har ya dirka wa babban yatsansa masaba yana zaton ƙarfe ne. Ya kira dattawa ya ce ranar Juma'a Sanda da Mamuda kowa ya kawo aikin hannunsa, wanda ya fi, shi zai hau buzu. Hansai ta roƙi mijinta ya ƙera lauje mai kyau kawai ya rufa wa kansa asiri. Ya ce lauje aikin masu hannu ne, shi aikin masu kai zai nuna. Tun da ruwa ɗan'uwan iska ne, abin da ke tura iska zai tura ruwa.

Ya yanka bunsurun Hansai, ya ranto fatar wani, ya ɗinke su ya shafe da kakin zuma da man kaɗanya. Ya samo gora doguwa ya huda gaɓoɓinta da jan ƙarfe, ya sa mata 'yan marafan fata da ke buɗewa gefe ɗaya kawai. In ka ɗaga fata ta zuƙo, in ka danna ta tofar. Ya ce da wannan duk mai lambun taba da albasa a fadama zai jefar da guga.

Sai in gaya muku wani abu game da wutar maƙerarmu. Tun da kakan Maitama ya hura ta ba ta taɓa mutuwa ba. Rufe ta ake yi da toka, a tone da safe. Ko suna za a yi a unguwa daga nan ake ɗiban garwashin dafa abinci. Rijiya kuwa tana nan dab da rumfar, ba ta da zurfi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa suka zazzauna. Mamuda ya ajiye garmarsa ya durƙusa ya ce, "Baba, ai hannunka ne, ni aronsa na yi." Tsoho ya shafa ta yana murmushi. Sanda ya ɗaura rawani, ya zura gorarsa a rijiya, ya shimfiɗa fatun, ya daidaita bakin abin. Ina ya sa bakin ya kalla? Wuta mana. Mutumin da ya tsufa a zuga bai san wani wurin da bakin zugazugi ke kallo ba. Mu ma da muke zaune babu wanda ya ga aibu, don haka muka saba gani tun muna yara.

Ya ce in zo in yi zuga, shi zai yi bayani. Na ɗaga na danna, na ɗaga na danna. Abin ya riƙa kuka kamar cikin jakin da ya ci ɗanyen wake. Sanda yana ta faɗin yadda iska ke fita ta bar wa ƙanenta wuri, Liman yana gyangyaɗi, ni gumi ya jiƙe ni. Can sai fatar ta yi nauyi a hannuna. Na hau ta da gwiwa na danna da dukan ƙarfina.

Ruwa ya fito da kaurin damtse, da laka da kwaɗo, ya tafi kai tsaye cikin wutar kakan Maitama. Ta yi wani huci, toka ta tashi ta rufe rumfa. Liman ya farka yana salati. Da abin ya lafa sai ga Maitama fari fat kamar an tsamo shi daga buhun gari. Sanda kuwa bai ma duba ba, tsalle yake yana ihu, "Ya hau! Wallahi ya hau! Kun gani ko? Ya hau!"

Maitama ya sa hannu cikin gawayin ya lalubo, ko ɗumi babu. Ya zaro hannunsa. Sannan ya ce, "Ɗaya bai san komai ba sai ni. Ɗaya ya san komai ban da inda wuta take. Ashe ban isa mutuwa ba tukuna." Ya karkaɗe buzunsa ya koma ya zauna.

Gidan maƙera guda sai da aka aika cikin gida neman wuta. Hansai ce ta kawo a kasko, ta dire a gaban mijinta ta ce, "Ga ta nan, Malam. Wutar tuwo ce, ba ta san ƙarfe ba, sai ka yi mata karatu."

Yanzu Sanda yana nan a inda ya fara, a ƙasa, tsakanin fatu biyu, furfura ta cika masa gemu. Jiya na kai fartanyata gyara na tarar da shi yana zuga. Na yi sallama na ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwan Maƙera. Mutanen Malumfashi sun aiko, wai in akwai sauran tarwaɗa a tura musu. Kuma in an tashi naɗinka a gaya mini da wuri, in zo da malafa."

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ɗan gwaggo, ni iskar da nake turawa tana shiga wuta ta fito garma, gari ya ci tuwo. Ranar da na tura ruwa kuma ya hau, kowa ya gani. Kai tun da aka haife ka kake fitar da taka ta baki, ko kaza ba ta ƙoshi da ita ba. Ɗauki fartanyarka ka kai wa Mamuda ya mayar maka da ita garma, in ya ƙi ka yi noman bana da harshenka, ai ya fi ta kaifi."